Siginar da Ban Soke Ba

Da farko dai ba sa ba ne. Na faɗa maku tun daga layin farko don in huta. Ba sa ba ne, ba rago ba ne, ko akuya ba a kawo mani ba. Ƙwan zabi ne a cikin 'yar ƙwarya, an rufe da faifai. Bara Hadiza ta dawo daga biki a Mabai fuska a murtuƙe, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki tana faɗa wa ta kusa da ita cewa wannan ai ɗiyar Lawal ce, ɗan sandan nan da ya ci san ɓarayi aka tsige mashi igiya. Shekara ashirin da ɗoriya ina jin maganar nan tana ƙiba a bakin mutane. Ta fara daga ƙwai, ta zama zabuwa, ta zama rago, yanzu ta kai sa, kuma in na mutu ban ce komai ba na tabbata jikokina garke za a ce masu na haɗiye. To ku zauna ku karanta yadda aka yi, ku da kullum kuke ce mani in bar tuna baya hawan jini zai tashi.

A lokacin ni kofur ne mai igiya biyu a caji ofis na Ƙanƙara, aikina kuma ɗakin sigina. Ku da kuka buɗe ido kuka ga waya a aljihun kowa ba lallai ku gane ba. Wani ɗan ɗaki ne a bayan kanta inda ake karɓar ƙara, tebur ɗaya, kujera ɗaya, rediyon oba-oba da batirin mota a ƙarƙashinshi, sai babban littafi mai baƙin bango. In an yi sata, ko wani ya yi laifi ya gudu, mai ƙara zai zo kanta ya faɗa, a rubuta, Oga DPO ya sa hannu, sannan a miƙo mani takardar. Ni zan mayar da ita sigina, in ba ta lamba, in danna maɓalli in karanta wa maƙwabta, Faskari da Sabuwa da sauran ofisoshin yankin. Kowane mai sigina zai rubuta a nashi littafin kalma da kalma, ya maimaita mani in ji ko ya yi daidai, sannan ya kwafa a takarda ya liƙa a allon sanarwa. Ranar kasuwa, 'yan sandan da za su kara, wato inda ake cinikin dabbobi, sai sun tsaya gaban allon nan kafin su fita. Da haka ake kama keken da aka sace a Ƙanƙara a hannun mai gyara a Sabuwa. Doka ɗaya ce a aikin da ba ta da wasa, kuma ku riƙe ta don labarin gaba ɗaya a kanta yake: sigina ba ta mutuwa da kanta. In kaya sun dawo ko an kama mutum, ofishin da ya aika shi zai aika siginar sokewa, da dalili a rubuce da sa hannun Oga. In ba a soke ba, ko shekara goma ta yi tana nan da ranta.

Ba yabon kai ba, a wancan zamanin babu mai rubuta siginar dabba kamata a yankin nan. Kakanku dillalin shanu ne a Mabai, a kara na girma, tun ban kai tsayin tozon sa ba nake riƙe igiya. Wasu abokan aiki sai su aiko da sigina wai an sace shanu biyu farare. Farare. A ƙasar da in ka jefa dutse a kan farin sa zai faɗa. Ni kuwa sai na zaunar da mai dabba na tambaye shi yadda ƙahon ya kwanta, wane kunne aka tsaga, ina aka taɓa yi mata lalas, da wace ƙafa take fara tashi. Har tsokanata ake yi a rediyo, wai in Ƙanƙara ta fara karanta sigina mutum ya je ya yi alwala ya dawo bai kai bindi ba. Ina jin su, ina kuma jin daɗi, don kayan da na aika su ake ganowa.

A farkon daminar shekarar nan, kwana biyu da saukar ruwan shuka, wani dattijo ya zo da ƙafa daga 'Yargoje. Sunanshi Malam Sada. Siriri ne, dogo, gemunshi ya yi fari fat, rigarshi ta sha wanki har ta koɗe. An kwance mashi shanun huɗa biyu daga turke a bayan gida. Manomi ya rasa shanun huɗa a bakin damina, ba sai na faɗa maku abin da ke ranshi ba. Ya shigo kamar wanda aka yi wa rasuwa, amma da na fara tambayoyina sai na ga fuskarshi ta ɗan saki, ya gane ya samu wanda ya san dabba. Ga abin da na aika, har yau yana kaina:

“Shanun huɗa biyu. Na farko fari, bakin ƙahon hagu ya gutsure, kunnen dama a tsage, tabon karkiya a wuya ya fi zurfi ta dama. Na biyu wake-wake, baƙi ya fi yawa ta gaba, lalas uku a jere a cinyar hagu, yana ɗan jan ƙafar baya in ya taso daga kwance. Mai su Malam Sada, 'Yargoje.”

Faskari ta maimaita, Sabuwa ta maimaita, aka liƙa. Bayan sati uku, wata ranar Laraba, ana sallar azahar ofis ya yi tsit, ni kaɗai na rage ina jiran wanda zai karɓe ni, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Malam Sada ne da ƙwarya a hannu. Na ba shi kujerata na zauna bakin tebur. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa a Mabai, muka sake gaisawa. Can ya ajiye ƙwaryar a ƙasa ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya dubi yatsunshi.

“Kofur, godiya na zo yi. Maganar nan ta wuce. Allah ya rufa asiri.”

“Sun dawo ke nan, Baba?”

“Suna turkensu.”

Bai ɗago kai ba. Ni ɗan ƙauye ne, ba a buƙatar a yi mani fassara. In dattijo ya faɗi haka idonshi a ƙasa, to ɓarawon ɗan gida ne. An riga an zauna a zaure, manya sun yi faɗa, wanda ya yi ya yi kuka, an mayar da kaya, an shafa fatiha, kowa ya yi alkawarin maganar ba za ta ƙetare dokin ƙofa ba. Haka muke yi tun kakanni, kuma gidaje da yawa da kuke gani a tsaye yau da haka suka tsaya. Tambaya ta gaba a aikin ɗan sanda ita ce wa ya kawo su. Ta zo mani har baki. Na dubi furfurar mutumin nan, sa'an mahaifina, na san in na yi ta kamar na tuɓe mashi riga ne a tsakiyar kasuwa, sai na haɗiye. Na ce to Baba, Allah ya kiyaye gaba. Na raka shi har bakin titi.

A nan na yi kuskurena, kuma ba na son ɗayanku ya rage mashi nauyi don ni ubanshi ne. Siginar sokewa tana son dalili, Oga kuma ba zai sa hannu ba sai ya ji wa ya saci shanun. Na ce a raina bari in nemi hanyar da zan ɓullo mashi gobe. Gobe ta zo da nata aikin. Damina ce, sata ta yi yawa, yau babur, gobe injin ban ruwa, jibi wani ya sari wani a kan iyakar gona ya shiga daji. Ban rubuta zuwan Malam Sada a littafi ba, ban faɗa wa kowa ba. Daga baya ma sai na riƙa lallashin kaina cewa takardar da ke allon Faskari da Sabuwa ai ta yi ja, wata ta rufe ta, wa zai tuna. Ni da nake koya wa kurata cewa sigina ba ta mutuwa. Ƙwan kuwa Innarku ta dafa, kuma ke Hadiza da kike fushi da tsohuwar Mabai, ke kika fi kowa ci.

Da kaka ta yi, sunana ya fito cikin waɗanda za a ɗaura wa igiya ta uku. Saje Lawal. Wata ɗaya ya rage. Abin da ya fi igiyar daɗi a gidanmu shi ne ɗaki, don a bariki, saje ciki da falo ake ba shi, mu kuwa shekara bakwai muna ɗaki ɗaya da ku huɗu, labule ne ya raba gadonmu da tabarmarku. Innarku har ta je ta leƙa ɗakin da za a ba mu ta taga, ta dawo tana faɗa mani inda za ta jera kwanoninta da inda keken ɗinkinta zai zauna. Ban taɓa ganinta da sakin fuska irin na watan nan ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci rediyo ya yi ƙara. Mai siginar Faskari wani Kofur Yohanna ne, shekara huɗu muna magana kullum safe da yamma, na san tarinshi na san dariyarshi, amma sau biyu kawai na taɓa ganin fuskarshi.

“Ƙanƙara, Ƙanƙara, Faskari ke kira. Lawal, yau ka ciri tuta. Shanunka na 'Yargoje sun shigo hannu, har da wanda ya kawo su. Oba.”

Ya ci gaba da bayani yana murna. Wani kurtu ne a kasuwar shanu ta wajensu ya ga gutsurarren ƙaho, ya zagaya ya ga lalas uku, ya zaro kwafin takardar daga aljihu ya bi layi-layi, babu abin da bai dace ba. Da ya riƙe mutumin sai wani ya yi ihun ɓarawon shanu, kasuwa ta taso. Da ƙyar 'yan sanda suka fitar da shi, an fasa mashi goshi, hularshi ta ɓace. Tsoho ne, in ji Yohanna, yana cewa wai shi ne mai shanun, amma ba shi da wata takarda, kuma kowane ɓarawo haka yake cewa. An tambaye shi in nashi ne yaya aka yi suka dawo, ya yi shiru. An tambaye shi ko ya sanar da wani a Ƙanƙara, ya ce ba shi da ta cewa.

“Duba mani littafinka, akwai sokewa a kan lambar nan? Oba.”

“Babu. Oba.”

Gaskiya na faɗa, babu. Amma a duk shekarun da na yi ina magana a rediyon nan ban taɓa furta kalmar da ta ba ni kunya irin wannan ba.

Washegari Oga ya tura mai bincike Faskari, ya dawo ya tabbatar mutumin Malam Sada ne, mai ƙarar da kanshi. Za ku ce to ai shi ke nan, a sake shi. Ina. Abin ma sai ya ƙara muni. Shekarun nan ne satar shanu ta fara zama abin da ta zama, mutane sun fara kwana da ido ɗaya, kuma kowa ya san mutanen daji ba sa sata sai da ɗan gari mai kai masu labari. To ga mutum an sace mashi shanu, sun dawo lafiya lau, bai faɗa wa hukuma ba, ya tsallake kasuwar garinsu ya kai su nesa zai sayar, an tambaye shi ya ƙi magana. Ko wane ne ke riƙe da fayil ɗin abu ɗaya zai zo mashi a rai. Ni kaɗai na san dalilin da ya kai shi nesa: a Ƙanƙara kowane dillali ya san an sace shanun, kowa zai tambaye shi yadda aka yi, shi kuma ba ya son ya yi ƙarya, ba ya son ya faɗi gaskiya. Aka yanke cewa ranar Litinin za a wuce da shi Katsina wajen masu binciken satar shanu. Ko da a can an wanke shi bayan wata uku, sunan ya riga ya manne. A ƙauye wanda aka ce yana hulɗa da mutanen daji ba ya sake samun mai tsayawa kusa da shi a sahu, ba a neman auren ɗiyanshi, wani lokacin ma ba a barin shi da rai.

Ranar Asabar ɗin nan na kasa cin tuwon rana. Bayan la'asar Innarku tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, ta kore ku waje, ta ce in faɗa mata abin da ke damuna ko ta je ta tambayi matar Oga. Na faɗa mata duka. Hannunta bai tsaya da ɓarar ba.

“Wa ya gan shi ranar da ya zo?”

“Ba kowa. Ana salla.”

“Ya ambaci sunanka a can?”

“Kwananshi ɗaya a sel, an tambaye shi sau uku. Bai ambata ba.”

Sai ta fara, kuma wanda ya san Innarku ya san in ta fara ba a tare ta. Ta ce shekara bakwai tana dafa abinci a baranda ruwa na dukanta. Ta ce ni da kunyata, kunyar da ba ta taɓa sai wa kowa gishiri ba. Ta ce tambaya ɗaya tak, da na yi ta tun ranar da yanzu ba a nan muke ba, amma na tsaya ina yi mashi kara, ga rigar gwamnati a jikina. Duk abin da ta faɗa haka yake. Da ta gaji ta kwashe ɓawon gyaɗar ta zuba a kwando, ta tsaya ta juya mani baya.

“Malam, ni ba zan ce ka je ba, ba zan ce kar ka je ba. Amma in ka yi shiru, kar ka ƙara cewa yaran nan su faɗi gaskiya a gabana, don wallahi dariya zan yi.”

Da na dawo daga sallar asuba na tarar ta hura gawayi ta goge mani kaki, karin wandon kamar wuƙa. Ko kallona ba ta yi ba. Ku riƙa yi mata addu'a, ba ku san rabin matar da ta haife ku ba.

Na samu Oga a ofis da hantsi. Ba zan rubuta sunanshi ba. Mutum ne mai zafi amma ba azzalumi ba, kuma abin da ya yi mani doka ce ta ce ya yi. Na ƙame na sara mashi, na ce Malam Sada ya zo da ƙafarshi tun damina ya sanar da ni shanu sun dawo, ni ne ban rubuta ba, ni ne ban soke ba. Na faɗi har ƙwan zabin, don ban so a ji shi daga wani bakin. Ya cire tabarau ya ajiye.

“Wa ya saci shanun?”

“Ban tambaya ba, ranka ya daɗe.”

“Ba ka tambaya ba. Kai ɗan sanda ne ko mai unguwa?”

Ya dafa littafin da ke gabanshi ya ci gaba.

“Babu wannan a littafi. Tsohon bai faɗa ba. Ka san abin da maganar nan za ta jawo maka, Kofur?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Ya mayar da tabarau. Sannan ya turo mani takarda da biro ya ce in rubuta, in sa hannu. Da na gama ya rubuta siginar sokewa da hannunshi, ya miƙo mani, ya ce tunda ni na aika ta farko ni zan karanta wannan, kuma kar in tsallake ko kalma ɗaya.

Na shiga ɗan ɗakina na zauna. Na danna maɓalli na kira ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, na karanta:

“A soke sigina kan shanun huɗa biyu na 'Yargoje. Shanu sun koma hannun mai su tun damina. Mai su ya sanar da wannan ofis a kan lokaci. Mai sigina, Kofur Lawal, bai rubuta ba, bai aika sokewa ba. Malam Sada ba shi da laifi. Oba.”

Na faɗa maku ƙa'ida ce kowane ofis ya maimaita. To haka na zauna ina jin laifina yana dawo mani da muryoyin mutane, kalma da kalma. Sabuwa ta karanta. Na gaba ya karanta. Yohanna ne na ƙarshe, ya karanta a hankali kamar mai tsoron kar wani abu ya fashe, da ya kai sunana sai da ya yi tari. Ya gama ya ce an karɓa. Bai saki maɓallin ba, ina jin numfashinshi, sai ya ƙara da abin da babu shi a ƙa'ida, ya ce Allah ya saka maka, Lawal. Zan faɗa maku wani abu ko da za ku ce tsoho ya fara ruɗewa. Na aika sigina ta fi dubu a rayuwata, da su aka kama masu kisa, da su aka mayar wa marayu da dabbobinsu, amma wannan ita ce wadda na fi alfahari da ita, kuma muryata ba ta karye ba ko sau ɗaya.

Ranar Litinin, maimakon motar Katsina, ni da mai binciken muka je Faskari da mai garin 'Yargoje. Aka fito da Malam Sada, filasta a goshi, kai ba hula. Aka sake tambayarshi yadda shanun suka dawo, ya ce ya tashi da asuba ya gan su a turke, kuma ba ya ƙarar kowa. Mai gari ya tsaya mashi, ya dangwala yatsa, aka rufe fayil. Abin da ya fara tambaya da ya fito shi ne ko an ba dabbobin ruwa. Ni bai ce mani komai ba a ranar, mutane sun yi yawa.

Bayan sati biyu aka yi mani shari'ar cikin gida. Aka cire igiya ɗaya, aka goge sunana daga jerin masu zama saje, aka ba ni canjin wurin aiki zuwa Sabuwa. A wurin shari'ar ne aka karanta maganar ƙwan zabi a gaban mutane, daga nan ta fita ta fara yawonta. Sai da na yi shekara shida kafin a mayar mani da igiyar, kuma da saje na yi ritaya alhali waɗanda muka shiga aiki tare sun zama sufetoci. Ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba, har yau in na ga wani a cikinsu ana sara mashi sai in kawar da kai. Amma a Sabuwa na ɗauko wata al'ada da ba wanda ya sa ni. Duk farkon wata sai in buɗe littafi in bi siginonin da ba a soke ba ɗaya bayan ɗaya, in hau keke ko in ba da saƙo a tambayi masu kayan ko akwai labari. Ba na ce wa mutum wa ya kawo, na koyi yadda ake tambaya ba tare da an tsiraita kowa ba, in kai wa Oga abin da doka ke so. Kafin in bar aiki ofisoshi uku sun ɗauka. Yanzu da waya suke tura hoto cikin ƙiftawar ido, kuma in na ga hoton wani yana yawo wai ana nemanshi, abin da ke fara zuwa raina shi ne wa zai tuna ya soke. Wanda ya kwance shanun kuwa na san shi daga baya, ba daga bakin Malam Sada ba. Ya zama mutumin kirki, yana da iyali. Ba za ku ga sunanshi a littafin nan ba, kuma kar wanda ya zo ya dame ni.

Ranar da za mu tashi zuwa Sabuwa, mun fito da kaya gaban bariki, gado da katifa da keken ɗinki da buhunan hatsi, muna tunanin yadda za a kai su tasha. Maƙwabta suna leƙe ta taga, waɗanda jiya muke ci tare yau ba mai son a gan shi kusa da wanda aka tsige wa igiya. Innarku ta ɗaure fuska tana ƙulle kwanoni a zane. Sai ga amalanke ta shigo ta ƙofar bariki, shanu biyu na ja, fari da wake-wake. Malam Sada ne zaune a gaba da sabuwar hula. Bai sayar da su ba. Tun asuba ya taso daga 'Yargoje. Ya sauko ya gaida Innarku har da rusunawa, ita da ya yi ɗiya da ita, ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga ɗakin da babu komai ciki ta ɗebo mashi ruwa. Bai bari na ɗaga ko buhu ɗaya ni kaɗai ba. Muka ɗora kayan, muka ɗora ku a sama, ni da shi muka bi amalanken da ƙafa ta tsakiyar gari, kowa na kallo. Mun kusa tasha ya rage tafiya, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

“Kofur, da ka yi shirunka. Ko Katsina aka kai ni, wallahi ba zan faɗi sunanka ba.”

“Na sani, Baba,” na ce. “Shi ya sa.”